Gwanin lokacin matsi a wasan besbol: baiwa ce ko dace?

Ɗalibin Besbol ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar wasan besbol. Ina roƙon waɗanda suka fi ni sanin wannan wasa su warware mini wata magana da na ga an rabu gida biyu a kanta, kuma kowane ɓangare yana faɗin tasa da cikakken yaƙini.

Masu sharhi a talabijin da tsofaffin 'yan wasa suna cewa akwai masu bugun da aka yi wa baiwar tashi tsaye idan wasa ya kai maƙura, wato idan an shiga zagaye na tara, ana bin ƙungiyarsu maki ɗaya, an riga an fitar da mutum biyu, ga kuma abokin wasa a zango na biyu yana jiran wanda zai kai shi gida. Sun ce a irin wannan lokaci wani hannunsa rawa yake yi, wani kuwa a lokacin ne idonsa ke buɗewa. Misalin da ya fi kusa shi ne na Freddie Freeman na Dodgers a wasan farko na World Series ta 2024, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofin babbar gasar besbol ta Amurka. Yankees suna gaba da maki 3 da 2 a zagaye na goma, an fitar da mutum biyu, zanguna uku duk a cike, shi kuma yana fama da ciwon idon sawu, amma jifan farko da Nestor Cortes ya yi masa ya aika da ƙwallon bayan katanga, bugun da ke kai mai shi da duk waɗanda ke zango gida, wasa ya tashi 6 da 3.

A ɗaya ɓangaren kuma, masu nazarin alƙaluma suna cewa babu wata baiwa irin wannan, dace ne kawai da kuma zuciyar ɗan Adam mai riƙe abin da ya burge ta. Tambayata ita ce, idan baiwar tana nan, me ya hana alƙaluma ganinta? Idan kuma babu ita, ta yaya za a bayyana mutane irin su Reggie Jackson da David Ortiz, waɗanda sunansu ya tafi a kan wannan abu?

Mai Alƙaluma ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a shiga hujjoji, ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne bugun ceto, wato bugun da ya zo daidai lokacin da ake tsananin buƙatarsa. Wannan babu mai musunsa, domin duk wasan da aka yi kankankan dole wani ya yi bugun da zai raba gardama, kuma abin da Freeman ya yi yana cikin wannan sahu. Na biyu shi ne gwanin ceto, mutumin da ake da'awar cewa abin a jininsa yake, idan matsi ya zo ƙwarewarsa tana ƙaruwa fiye da yadda aka san shi a sauran lokuta, har a iya dogara da hakan bana da baɗi. Gardamar duka a kan na biyun take.

Hanyar gane ko abu ƙwarewa ce ba ta da wuya, domin abin da yake halin mutum yana maimaita kansa. Wanda ya yi ta tsallake katanga da ƙwallo bana, galibi za ka same shi cikin masu yin haka baɗi. Wanda ake yawan fitarwa saboda yana kai duka yana kuskure, shekara mai zuwa ma haka za ka gan shi. Saboda haka idan tashi tsaye lokacin matsi ƙwarewa ce, waɗanda suka yi fice a kanta bana ya kamata su sake yin fice baɗi. Wannan gwajin ne Richard Cramer ya yi, ya buga sakamakonsa a 1977 a mujallar ƙungiyar SABR mai binciken tarihi da alƙaluman besbol. Ya ɗauki bayanan kakar 1969 da ta 1970, ya auna yadda kowane mai bugu ya yi a lokutan da suka fi nauyi idan an kwatanta da sauran lokuta, sai ya ga jerin gwanayen shekarar farko ba shi da wata alaƙa da jerin na shekara ta biyu. Mutane da dama sun maimaita irin wannan gwaji da bayanai masu yawa fiye da nasa, kuma alaƙar da suke samu tsakanin shekara da shekara ƙarama ce ƙwarai.

Dalilin da ya sa muke ganin gwanaye duk da haka yana cikin ƙanƙantar adadi. Kowace ƙungiya a babbar gasar tana buga wasa 162 a kaka, kuma ɗan wasan da ke fitowa kullum yana tsayawa bugu kimanin sau 600, amma waɗanda suka faɗo a ƙarshen wasa alhali maki suna kusa da juna ba su cika wuce 100 ba. Mu ɗauki mai bugu wanda ainihin ƙarfinsa .270 ne, wato yana samun bugun nasara 270 cikin kowane 1,000. A cikin bugu 100 kacal, lissafi yana nuna cewa sakamakonsa zai riƙa kaucewa sama ko ƙasa da kimanin ɗigo 44, wato 44 cikin 1,000, ba tare da komai ya canja a jikinsa ko a zuciyarsa ba. Idan ka tara irinsa mutum 200, biyar ko shida za su kai .360 ko fiye, kusan adadin haka kuma za su faɗi zuwa .180 ko ƙasa. Na saman za a yi musu kirari, na ƙasan a kira su matsorata, alhali ƙarfinsu ɗaya ne.

Tarihi ya nuna haka a fili. Barry Bonds ya shafe fiye da shekara goma ana cewa ba ya iya wasan Oktoba, wato wasannin neman kofi da ake yi bayan kaka, domin kafin 2002 matsakaicinsa a wasannin bayan kaka .196 ne, da tsallake katanga guda ɗaya tak cikin bugu 97. A 2002 sai ya tsallake katanga sau 8 a wasannin bayan kaka, kuma a World Series da Angels ya buga .471. Alex Rodriguez ya samu bugun nasara ɗaya cikin 14 a karawa da Detroit a 2006, har mai horar da Yankees, Joe Torre, ya mayar da shi na takwas a jerin masu bugu, amma a 2009 ya buga .365 da tsallake katanga 6, ya kai mutum 18 gida, Yankees suka ɗauki kofi. Ba na jin waɗannan mutane sun canja zuciya ne cikin dare ɗaya. Manyan masu bugu ne tun asali, da aka ba su isasshiyar dama sai alƙalumansu suka koma inda suka saba.

Derek Jeter ne ya fi kowa ba mu damar gwaji, domin ya buga wasa 158 a bayan kaka, kusan kaka guda cur. Matsakaicinsa a can .308 ne, a kakar yau da kullum kuma .310. Ko a matakin ƙungiya abin haka yake: Cardinals ta 2013 ta buga .330 idan akwai mutum a zango na biyu ko na uku, adadin da ba a saba gani ba, amma shekara mai bi mata, da yawancin 'yan wasan nan dai, ta dawo kusa da .250.

Dattijon Kallo ya amsa:

Malam Mai Alƙaluma, na karanta bayaninka da natsuwa, kuma ba ni da ja a kan lissafinka. Inda na rabu da kai shi ne inda lissafin yake neman ya mayar da 'yan wasa kamar ba mutane ba. Ɗana mai tambaya, bari in nuna maka bugu ɗaya daki-daki, ka yi hukunci da kanka.

Ranar 15 ga Oktoban 1988, wasan farko na World Series, Athletics suna gaban Dodgers da maki 4 da 3 a zagaye na tara, an fitar da mutum biyu. Mai jifa shi ne Dennis Eckersley, wanda babu mai rufe wasa kamarsa a wannan shekara. Kirk Gibson na Dodgers bai fara wasan ba saboda ƙafafunsa biyu duk suna da rauni, da ƙyar yake takawa. Aka tura shi, jifa biyu na farko aka ƙirga su a kansa, saura ɗaya a fitar da shi. Ya riƙa kare kansa yana karkatar da ƙwallo gefe, yana ƙyale waɗanda suka kauce, Mike Davis ya saci zango na biyu, har lissafi ya cika uku da biyu, wato jifa uku sun kauce, biyu kuma suna kansa. A nan Gibson ya ja da baya daga wurin bugu. Kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, ya tuna gargaɗin Mel Didier, mai leƙo wa Dodgers asirin abokan hamayya, cewa idan lissafi ya cika a gaban mai bugu na hagu, Eckersley yakan yi jifa mai lanƙwasa da ke shigowa ta gefen waje. Jifan da ya zo ke nan, kuma da ƙarfin hannu kawai, ba tare da taimakon ƙafa ba, ya tsallake katangar dama da shi. Mutumin da zai iya tsayawa a gaban dubban jama'a, cikin ciwo, saura jifa ɗaya ƙungiyarsa ta faɗi, ya tuna shawarar da aka ba shi kwanaki kafin nan kuma ya yi aiki da ita, ba zan yarda a ce dace kawai ya yi ba. Natsuwa ce, kuma ba kowa ke da ita daidai da kowa ba.

Mun kuma san matsi yana karya ƙwararru. Steve Blass ya ci wa Pirates wasa biyu a World Series ta 1971, har da na bakwai, amma a 1973 ya kasa jefa ƙwallo inda yake so ba tare da wani rauni a hannu ba. Rick Ankiel, yana ɗan shekara 21, ya yi jifa biyar da suka kuɓuce wa mai cafewa a zagaye ɗaya a wasan bayan kaka da Braves a 2000, kuma bai sake zama mai jifan da aka sani ba, sai daga baya ya dawo a matsayin ɗan bayan fili. Chuck Knoblauch ya kasa jifa daga zango na biyu zuwa na farko, tazarar da yaro ma zai iya, har aka mayar da shi bayan fili. Idan zuciya tana iya rushe mutum haka, da wace hujja za a ce ba ta bambanta masu bugu?

Game da Jeter kuwa, alƙalumanka ni suke goya wa baya. A Oktoba ba a karawa da ƙungiyoyi masu rauni, kuma manyan masu jifansu kawai suke fitarwa, ga sanyi da ke rage tafiyar ƙwallo. Wanda ya riƙe .308 a wannan yanayi ya yi abin da ya fi .310 ɗin da ya yi a kan kowa da kowa.

Ba ni kaɗai ke da wannan shakka ba. Bill James, wanda ake ɗauka uban masu nazarin alƙaluman besbol na zamani, ya rubuta a 2004 cewa shi da abokan aikinsa sun yi gaggawar yanke hukunci. Ya kwatanta lamarin da mai gadin da ke duba cikin hazo: rashin ganin komai ba ya nufin babu kowa a wurin. Hujjarsa ita ce, gwajin shekara da shekara yana ɗaukar adadi ƙarami mai cike da dace, ya cire wani daga cikinsa, sannan ya kwatanta ragowar da wata ragowa irinta, saboda haka ko da ƙwarewar tana nan, dacen da ya taru zai iya binne ta.

Malama Mai Nazari ta amsa:

Baba Dattijo, maganarka a kan hazo gaskiya ce, kuma ita ce ta sa aka koma aka yi bincike da hanyoyin da suka fi na Cramer kaifi. Wanda na fi amincewa da shi shi ne na Tom Tango da Mitchel Lichtman da Andrew Dolphin, a littafin da suka fitar a 2006. Ba su kwatanta shekara da shekara ba. Sun tara bayanan shekaru da yawa, suka lissafa iyakar bambancin da dace kaɗai zai iya haifarwa tsakanin 'yan wasa, sannan suka duba ko bambancin da ake gani a zahiri ya wuce wannan iyaka. Ya wuce, amma da kaɗan. Ƙiyasinsu shi ne kimanin ɗan wasa ɗaya cikin shida yana ƙaruwa da ɗigo 8 ko fiye a yawan isa zango idan matsi ya zo, kimanin ɗaya cikin shida kuma yana raguwa da haka. Ke nan baiwar tana nan, Baba ya yi gaskiya, amma mu duba girmanta.

Ɗigo 8 yana nufin ƙarin isa zango sau 8 cikin 1,000. Ga mutumin da ke samun lokutan matsi 100 a kaka, wannan bai kai ƙarin sau ɗaya ba a shekara. Kuma kafin kaucewar da dace ke jawowa ta ragu ta dawo daidai da ɗigo 8, sai mutum ya tsaya bugu kusan sau 3,500 a lokutan matsi kaɗai, abin da zai ci fiye da shekara talatin. Babu wanda ya taɓa daɗewa haka a wasan. Wannan ne amsar tambayar ɗan'uwanmu ta farko: abin yana nan a cikin jama'a idan an haɗa su, amma rayuwar wasa ta mutum ɗaya ba ta isa a nuna shi da yatsa a ce tabbas wannan yana da ita ba.

Ina ganin dalilai biyu ne suka sa ta ƙanƙanta haka. Na farko, ƙungiyoyi 30 ne, kowace da 'yan wasa 26, wato gurabe 780 ga duk masu buga wasan a duniya. Kafin mutum ya kai nan ya ratsa makaranta da ƙananan gasanni, inda kowane bugu zai iya zama sanadin ci gabansa ko sallamarsa, a gaban masu leƙe da ke rubuta komai. Wanda matsi ke narkarwa yawanci tun a hanya ya zube, waɗanda suka rage kuwa sun yi kusa da juna a wannan hali. Na biyu, Baba, ka lura cewa misalanka uku na rushewa duk a kan jifa suke. Mai jifa ƙwallo na hannunsa, shi ke zaɓen lokacin sakinta, yana da sararin da tunani zai shiga ya ɓata abin da hannu ya saba. Mai bugu ba shi da wannan sarari. Tsakaninsa da mai jifa mita 18 ne da 'yan kai, kuma jifa mai gudun kilomita 150 a awa yana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Natsuwa tana taimakonsa kafin jifa, kamar yadda ta taimaki Gibson, amma da zarar an saki ƙwallo, ido da hannu ne ke aiki.

Batun Jeter yana da nauyi, ban raina shi ba. Sai dai wasanninsa na bayan kaka sun tsaya ne a 2012, yawancinsu yana kan ganiyarsa, alhali .310 ɗin ya haɗa da shekarunsa na ƙarshe, ciki har da 2014 da ya buga .256. Kuma a World Series ta 2001, wadda aka laƙaba masa sunan gwarzon Nuwamba saboda tsallake katangar da ya yi bayan tsakar dare a wasa na huɗu, bugun nasara 4 kawai ya samu cikin 27.

Wannan ya kawo ni ga Jackson da Ortiz. Ranar 18 ga Oktoban 1977 Reggie Jackson na Yankees ya tsallake katanga sau uku da jifa uku a jere, daga hannun masu jifa uku daban-daban na Dodgers, abin da ba za a manta ba. Amma kwanaki kaɗan kafin nan, a karawa da Royals, bugun nasara 2 ya samu cikin 16, har mai horar da su, Billy Martin, bai fara wasan ƙarshe da shi ba. Ortiz ya ceci Red Sox dare biyu a jere a 2004, a zagaye na 12 da na 14, lokacin da faɗuwa ɗaya za ta kore su. A 2013 ya yi tsallaken katanga mai maki huɗu da ya farfaɗo da su a gaban Tigers, amma a wannan karawa gaba ɗaya 2 ya samu cikin 22, sannan ya juya ya samu 11 cikin 16 a World Series. Idan aka haɗa komai, matsakaicinsa a bayan kaka .289 ne, a kakar yau da kullum .286. Babban mai bugu ne a ƙungiyar da ke yawan zuwa Oktoba, yana tsakiyar jeri, saboda haka damar ta riƙa zuwa masa, kuma ya yi amfani da ita gwargwadon girmansa. Wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Akwai kuma rabon da ba na mai bugu ba. A wasa na shida na World Series ta 2011, Rangers suna gaban Cardinals da 7 da 5 a zagaye na tara, an fitar da biyu, saura jifa ɗaya su ɗauki kofinsu na farko. David Freese na Cardinals ya ɗaga ƙwallo zuwa katangar dama, Nelson Cruz ya bi ta da baya, ya miƙa hannu, ta wuce safar hannunsa da ɗan tazara ta daki katanga, mutum biyu suka shiga gida. Freese ya dawo a zagaye na 11 ya gama wasan da tsallake katanga. Da Cruz ya fara gudu da wuri da taki ɗaya ko biyu, bugun nan dai, da ƙarfin nan da natsuwar nan, shi ne zai zama fitarwar ƙarshe ta kakar, kuma babu wanda zai kira Freese gwanin ceto.

Ɗalibin Besbol ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba da Malam da Malama. Abin da ya rage mini shi ne amfanin wannan ga mai horarwa. A ce zagaye na tara ne, yana da mutum biyu a benci, ɗaya ya fi ƙwarewa a dunƙule, ɗayan kuma ya yi suna wajen fitar da ƙungiya kunya a irin wannan lokaci. Wa ya kamata ya tura? Kuma shin babu wurin da sanin da mai horarwa ya yi wa 'yan wasansa zai fi alƙaluma?

Mai Alƙaluma ya sake amsawa:

Ɗan'uwa, idan tazarar ƙwarewa tsakaninsu a bayyane take, ya tura wanda ya fi ƙwarewa. Bambanci tsakanin mai bugu nagari da matsakaici yakan kai ɗigo 30 ko 40 a yawan isa zango, kuma wannan bambanci ne da aka tabbatar da dubban bugu, alhali ɗigo 8 ɗin da Malama ta ambata zato ne a kan kowane mutum ɗaya. Akwai ma abubuwan da ya kamata ya duba kafin suna. Hannun mai jifa yana gaba, domin mai bugu na hagu ya fi samun sauƙi a gaban mai jifa na dama, kuma wannan tasiri ya fi na matsi girma. Sai irin bugun da ake buƙata: idan akwai mutum a zango na uku kuma ba a fitar da biyu ba, wanda ba ya yawan kuskuren duka ya fi amfani, domin ko ƙwallon da aka cafe a nesa za ta kai mutum gida, amma idan ana bin maki biyu, an fitar da biyu, mutum ɗaya ne a zango, mai ƙarfin tsallake katanga ake nema. Sau da yawa abin da ake kira baiwar ceto dacewar salon mutum ce da abin da yanayin ke nema.

Inda na yarda da Baba Dattijo shi ne idan mutanen biyu sun yi kusa da juna. A nan mai horarwa yana ganin abin da takarda ba ta ɗauka, ya san wanda bai yi barci ba, da wanda ke ɓoye ciwo, da wanda ya zauna tun zagaye na shida yana nazarin mai rufe wasan abokan hamayya, kuma daidai ne ya bi wannan sani.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya fuskar, wato tambarin gazawa da ake manna wa mutum saboda bugu ashirin. Ted Williams, wanda shi ne na ƙarshe da ya haura .400 a kaka a manyan gasannin biyu na Amurka, World Series ɗaya ya taɓa bugawa, a 1946, da rauni a gwiwar hannu, ya samu 5 cikin 25, kuma an bi shi da wannan gori har ya yi ritaya. Dave Winfield ya samu 1 cikin 22 a World Series ta 1981, daga baya mai Yankees, George Steinbrenner, ya kira shi gwarzon watan Mayu a bainar jama'a, yana nufin ba ya iya komai sai lokacin da wasa ba shi da nauyi. Winfield bai sake samun damar World Series ba sai a 1992, yana da shekara 41, a ƙungiyar Toronto. A zagaye na 11 na wasa na shida, an fitar da mutum biyu, ya buga ƙwallon da ta bi layin zango na uku ta kai mutum biyu gida, kuma da ita Blue Jays suka ci Braves 4 da 3 suka ɗauki kofinsu na farko.